Wa Ya Ce Korona Ba Ta Kashe Yara?

Tun da korona ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020, wata magana ta zauna daram a bakin jama'a, daga mai shayi har ma'aikacin ofis: wai cutar tsofaffi ce, ba ruwanta da yara. Daga Turai maganar ta taso, inda take da ƙamshin gaskiya, mu kuma muka haɗiye ta babu tauna. Ni a ganina ta yi mana ɓarna, kuma mahukunta sun fi kowa jin daɗinta, don ta sauke musu nauyi.

Na sani, yawancin yaran da suka kamu, zazzaɓi da mura suka yi suka miƙe. Ina maganar wanda ciwon ya kayar ne, wanda aka sungumo zuwa asibiti tsakar dare, ƙirjinsa na lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi. Shi yaya ya ƙare?

A Janairun 2022 mujallar JAMA Pediatrics ta buga binciken da Farfesa Jean Nachega ya jagoranta. An bi bayanan yara da matasa 469 da korona ta kwantar a asibitoci 25 na Najeriya, Ghana, Kenya, Uganda, Afirka ta Kudu da Kongo ta Kinshasa, daga Maris zuwa Disamban 2020. Talatin da tara suka rasu, sama da 8 cikin 100, abin da ya zarce wanda ake gani a ƙasashe masu arziki nesa ba kusa ba. Jaririn da bai cika shekara ba, haɗarin ciwon ya yi masa tsanani ya kusa ninka na ɗan shekara 15 zuwa 19 sau biyar. Waɗannan fa su ne suka samu gado har aka gwada su. Wanda ya cika a bayan amalanke kafin a iso gari, ba ya cikin lissafin kowa.

Ƙwayar cutar ɗaya ce a Paris da Damagaram. Abin da ya bambanta shi ne yaron da ta tarar, da ɗakin da aka kai shi. Namu yakan iso a makare, tamowa ta ci jikinsa, zazzaɓin cizon sauro ya shanye jininsa, wani ma da sikila. Ya iso kuma ya tarar babu iskar oksijin. Binciken da Lancet ta buga a 2021 kan manya masu jin jiki a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Nijar da Najeriya, ya nuna kusan rabinsu sun mutu, kuma rabin mamatan ba a sa musu oksijin ba. Babba mai baki bai samu ba, ina ga ɗan wata takwas?

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda aka kai hankali. A 2020 kowa maganar injin hura numfashi yake, aka yi ta yayata cewa ƙasashen Afirka 41 ba su haɗa guda 2,000 masu aiki ba. To, injin nan yana son ƙwararre a kansa dare da rana, da wutar da ba ta ƙiftawa. Abin da ke ceton yawancin yara ya fi wannan araha: ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta auna iskar jini, in ta nuna ƙasa da 90 a sa oksijin, injin tace oksijin daga iska, hasken rana da batir, da malamar jinya da ba a bar wa gado talatin ita kaɗai ba. A Papua New Guinea, da aka wadata asibitocin karkara da irin waɗannan kaya, mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu da kashi 35 cikin 100. A Dhaka ta Bangladesh, Dakta Mohammod Jobayer Chisti da robar sabulun wanke gashi da ruwa da tiyo ya haɗa abin da ke buɗe huhun jarirai.

Wani zai ce ajali ne. Ba na musu, amma ban taɓa ganin babban mutum ya faɗi haka ya zauna ba, in ɗansa ne ke haki. Jirgi yake nema. Wani kuma ya ce korona ƙaryar Turawa ce, har yau yana jin zafin rufe masallatai. Na ji, a bar korona. Ciwon huhu yana kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000 kowace shekara a duniya, kuma iskar da mai korona ya rasa, ita ce mai ciwon huhu ke rasawa a gadon da ke kusa da shi.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa. Masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu. In ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku ja shi ɗakin yara na asibitin gundumarku, ya ƙirga muku injunan oksijin nawa ke tashi in an kunna, kuma wa ke gyara su in sun mutu.