Sharhi Kan Neman Gurbin Karatun Lissafi A Manyan Jami'o'i Da Matsayin 'Ya'yan Karkara

Idan mai karatu bai manta ba, a cikin watan Oktoban shekarar 2025 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa samun kiredit a darasin lissafi ya daina zama wajibi ga ɗaliban da ke neman shiga jami'a domin karanta harsuna da adabi da makamantansu. Duk da cewa daga baya ma'aikatar ta ƙara haske da cewa har yanzu dole ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafi a ƙarshen sakandare, labarin ya riga ya bazu, kuma akwai fargabar wasu iyaye su ɗauka cewa lissafi ya rasa darajarsa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba al'amarin ta ɗaya ɓangaren, wato halin da yaro mai baiwar lissafi yake shiga idan ya tashi daga ƙauye yana neman gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in da ake rububin shiga.

Sanin kowa ne cewa ƙofar farko ita ce jarrabawar Hukumar JAMB, wadda aka kafa a shekarar 1978. Tun daga 2015 ake yin jarrabawar gaba ɗaya a kan kwamfuta, inda ɗalibi ke amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sannan 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Wanda ke son karanta lissafi yakan haɗa Turanci da Lissafi da Fiziks, na huɗun kuwa galibi Kemistiri ne, bayan ya samu kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO. Alƙaluman farko da hukumar ta fitar a 2025 sun nuna cewa daga cikin ɗalibai fiye da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba, kuma waɗanda suka kai 300 sun ɗan haura dubu 12 ne kacal. Ko da yake daga baya hukumar ta amince cewa an samu matsalar na'ura wadda ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, har aka sake musu jarrabawa, wannan bai sauya gaskiyar cewa mafi yawan masu nema ba sa kaiwa rabin maki ba.

A shekarar ta 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, sai dai ya kamata iyaye su fahimci cewa wannan ƙasan tukunya ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma tsofaffin jami'o'i irin su Ibadan da Legas ba sa duba wanda bai kai 200 ba. Bayan haka akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda aka ɓullo da ita a 2005. Daga nan ne jami'o'in tarayya ke raba guraben: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana cewa suna baya a ilimin zamani, waɗanda akasarinsu na Arewa ne. Wannan tsari yana nufin cewa ɗan jiharmu yana da ƙofofi fiye da ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano. Amma rabon yana tsayawa ne a kan jiha; bai bambanta ɗan babban birni da ya yi makarantar kuɗi da ɗan manomin da ya yi makarantar jeka-ka-dawo a ƙauye ba. Idan an zo cike gurbin jiha, su biyun ne za su kara, kuma kowa ya san wanda ya fi samun shiri.

Domin a gane irin shirin da ake bukata, yana da kyau mu leƙa Jami'ar Kambirij da ke Ingila, wadda ke cikin wuraren da suka fi tsananta zaɓe a fannin lissafi a duniya. A can ana rufe karɓar takardun nema ne a tsakiyar Oktoba, kusan shekara guda kafin fara karatu, sannan a kira ɗalibi ganawa da malamai, inda za a ba shi matsalar da bai taɓa gani ba, a zuba masa ido yana tunani a fili. Wanda ya tsallake wannan ma ba a ba shi gurbi kai tsaye, sai an ga sakamakonsa na A-Level da kuma na wata jarrabawa ta musamman mai suna STEP da ake yi a watan Yuni. Kowace takardar STEP awa uku ce, tambayoyi 12 ne a cikinta, amma shida mafi kyau kawai ake lissafa wa ɗalibi. Ke nan a JAMB yaro yana da daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, a STEP kuwa yana da rabin awa. Ta farko tana auna sauri da sabo, ta biyu tana auna juriyar zama da matsala har a warware ta, tare da rubuta hujja daki-daki. Ɗalibin da zai yi nisa a lissafi yana bukatar duka biyun, kuma haddar amsoshin tsofaffin jarrabawa, wadda ta zama ruwan dare a makarantunmu, ba ta samar da ta biyun. Shi ya sa wasu kan ci JAMB da kyau, amma su fara tangaɗi tun a shekarar farko ta jami'a.

Kada wani ya ɗauka cewa irin wannan matsayi ya fi ƙarfin ɗan karkara, domin tarihi ya nuna akasin haka. Farfesa Iya Abubakar, wanda aka haifa a 1934 a garin Belel da ke jihar Adamawa ta yanzu, ya bi ta Kwalejin Barewa, ya samu digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, sannan ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Tun kafin zuwan boko ma, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, malamin ƙasar Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Abin da ya kai Iya Abubakar inda ya kai shi ne tsarin wancan zamani na zaƙulo yara masu hazaƙa daga larduna a tara su inda akwai ƙwararrun malamai. Irin wannan tunani ne ya sa jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi.

Babbar matsalar makarantun karkara a yau ita ce ƙarancin malaman lissafi. Ba baƙon abu ba ne a samu malami ɗaya yana riƙe da dukkan azuzuwan babbar sakandare, ko a ɗora darasin a kan wanda ba fanninsa ba ne. Darasin lissafi mai zurfi, wanda ɗalibai suka fi sani da Further Maths, shi ne ke gabatar da yaro ga abubuwan da zai tarar a shekarar farko ta jami'a, amma makarantu da yawa ba sa koyar da shi sam. Ga kuma yaran da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, alhali Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma guraben da ake asararsu saboda takarda kawai. Tun 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma idan suna ko ranar haihuwar da ke kanta ya saɓa da na takardar sakandare, matsala ta samu. Haka nan tun 2017 duk gurbin da aka bayar yana bi ne ta manhajar CAPS, inda dole a ɗora sakamakon sakandare, kuma ɗalibi ya shiga da kansa ya amince da gurbin. Yaron da ya yi rajista da layin wayar wani, ya koma gona bai sake waiwayar intanet ba, yana iya samun gurbi ya wuce shi bai sani ba.

Dangane da iyaye kuwa, da yawa ba sa son jin komai sai likitanci ko lauya, fannonin da suka fi kowanne cunkoso. Sau da yawa makin da ya gaza kai yaro ga likitanci zai iya ba shi gurbin lissafi a wannan jami'ar, maimakon ya yi shekara biyu ko uku a gida yana maimaita jarrabawa. Mai digirin lissafi yana da wurin aiki a bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin ƙididdiga da harkar kwamfuta, baya ga koyarwa. Ga wanda ya yi fice, Cibiyar Kimiyyar Lissafi ta Afirka, wato AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da karatun digiri na biyu kyauta ga waɗanda ta zaɓa. Batun kuɗin makaranta ma ya samu sauƙi tun da asusun NELFUND ya fara ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa a 2024. Wanda kuma bai dace da JAMB ba, yana iya bin shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ya shiga aji biyu kai tsaye.

Bisa ga waɗannan dalilai, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da su nemi shugabannin makarantu su riƙa ba da sunayen yaran da suka yi fice a lissafi tun daga ƙaramar sakandare, a tura su jarrabawar shiga makarantun kimiyya da gasannin da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa. Ya kamata a yi amfani da masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta lissafi wajen darasin hutu, a kuma samar wa 'yan ajin ƙarshe wurin gwajin kwamfuta watanni kafin jarrabawa. Hakimai da dagatai su taimaka wajen ganin an gyara takardun NIN da na shaidar asalin ƙaramar hukuma kafin lokacin rajista. Su kuwa iyaye, su tambayi malami inda ɗansu ko 'yarsu ta fi ƙarfi kafin a cike fom, su kuma bar wa yaron lokacin nazari ko da a tsakiyar damina ne. Yaron da aka tallafa wa a bana shi ne malamin lissafin da makarantar garinsu ke nema nan da shekaru biyar ko shida.