Ku Daina Sayar Mana da Rumbun da Gara ta Riga ta Ci

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a shagona a Talatar Mafara, kasuwa ta cika, sai ga wani ƙanena daga Garbadu ya shigo da takarda a hannu yana washe baki. Ya ce, "Yaya, duba min wannan. Rumbun ajiya zan haɗa a gida, wanda kowa zai riƙa zuba hotuna da takardu daga wayarsa." Na karɓa na karanta. Tsohuwar sabar ofis ce mai ƙwaƙwalwa biyu, da memori giga 64, da faifan ajiya huɗu da wani ya yi masa alkawari a rabin kuɗi. Na ce, "To Malam, wace wuta za ta ci?" Ya yi shiru yana kallon silin.

Ban yi fushi da yaron ba, don niyyarsa daidai ce. Duk wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumban 2021 ya san dalili. Hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a jihar baki ɗaya bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, aka ce mako biyu ne, mu da ke wajen Gusau muka shafe fiye da wata biyu a haka. Wanda takardun makarantarsa ke Google Drive sai ya yi kuɗin mota zuwa wata jiha kafin ya ga abin da yake nasa. Tun lokacin na daina sauraron mai ce min in ajiye komai a intanet. Kakanninmu ba su ajiye gero a garin da sai an nemi izini kafin a shiga ba.

Haushina yana kan mutum biyu: mai ba da shawara da bai san inda muke zaune ba, da mai shagon da ya sani sarai amma yake cutar mu.

Na farkon yana YouTube, a ɗaki mai sanyi a Amurka ko Jamus, inda wuta kan shekara ba ta ƙyafta ba. Shi ne ke cewa tsofaffin sabobin Dell da HP sun yi araha, a kwasa. Samarinmu kuma sai su haddace maganarsa kamar karatun allo su zo suna maimaita mana a majalisa. To a yi lissafi. Irin wannan na'ura, ko ba ta aikin komai, tana iya shan wat 100. A awa 24 wat-awa 2,400 ke nan. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, wanda mutum ya yi shekara yana tara kuɗinsa, abin da ke cikinsa ke nan idan an tatse shi ƙaf, kuma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Wato ka sayi saniyar da za ta cinye harawar gidan duka, fanka da fitila su kwana da yunwa. Ga madatsar Bakolori nan kusa da mu tun 1978, ruwa maƙil, mu kuwa da hasken rana muke cajin waya. Wannan wata magana ce, kuma in na fara ta ba za mu tashi ba.

Ƙaramar kwamfuta mai Intel N100, wadda aka tsara ƙwaƙwalwarta a kan wat 6, tare da faifai biyu, da wuya ta wuce wat 20 zuwa 25. Raspberry Pi ma ya isa gidan da hotuna da karatun malamai kawai za a ajiye. Memori giga 8 ya wadatar. Manhajar kyauta ce, OpenMediaVault ko TrueNAS. Babu wanda zai yi maka tafi don ka haɗa wannan, shi ya sa masu son a gani ba sa ambatonsa.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai sayar da faifai, domin ni ma an yi min. Shekarun baya na je wani shago a Kano, mai shagon ya kira ni Alhaji, ya sa aka kawo min ruwan sanyi, ya ɗauko faifai cikin leda a manne ya rantse sabo ne dal. Na biya na dawo gida na zuba masa aikin shekaru: hotunan bukukuwan mutane da suka ba ni amana, hoton takardun gonar mahaifinmu, da tafsirin azumi da na ɗauka da hannuna daga bakin wani malami da yanzu ya rasu. Bai yi wata biyar ba ya fara ƙas-ƙas kamar agogo. Da wani abokina ya duba shi da manhajar CrystalDiskInfo, sai ga shi faifan ya yi shekaru yana juyawa a wani wuri kafin a goge masa ƙura a sa masa sabuwar leda. Da na koma, mai shagon cewa ya yi, "Ai kayan wuta sai haƙuri, Alhaji." Haƙurin me? Ka san abin da ka sayar min. Kuɗina ka ci, wannan mu je lahira, amma muryar malamin nan wa zai dawo min da ita?

Kowane faifai yana rubuta tarihinsa a cikinsa, abin da ake kira SMART: awa nawa ya yi a kunne, sau nawa aka tashe shi, gurbi nawa ya lalace. Minti biyar ya isa a karanta. Mai shagon da ya hana ka haɗa faifan da kwamfutarka kafin ka biya ya riga ya ba ka amsa, ka ɗauki hularka. Kuma kada a ce halin kasuwarmu ne kaɗai. A farkon 2025 kafar labarai ta Heise da ke Jamus ta bankaɗo yadda wasu dillalai ke goge wannan tarihi daga tsofaffin faifan Seagate su sayar a matsayin sababbi, har a manyan shagunan Turai, sai da aka duba wani lissafi na biyu mai suna FARM asiri ya tonu. A 2020 kuma an kama Western Digital tana cusa faifai nau'in SMR cikin jerin WD Red da ta ce don rumbun ajiya ta yi su. Shi SMR yana jera layukan rubutu ɗaya kan ɗaya kamar jinka, sai ya yi nauyi idan aiki ya yi yawa, musamman ranar da ɗan'uwansa ya mutu ake son sake kwafe komai. Bayan an yi ta ƙorafi ne kamfanin ya ware nau'in CMR ya sa masa WD Red Plus. In an yi wa Bature mai lauya haka, ina ga ɗan Garbadu da ko rasit ba a ba shi ba? Ka nemi CMR, ka karanta lambar da ke jikin faifan da idonka. Filashar nan ta tera biyu da ake tallata da kuɗin kwanon shinkafa kuwa ko maganarta ba na son yi.

Sauran abin da masu bidiyo ba sa faɗa, mu muka san shi a jikinmu. A watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano ya wuce maki 40 tun kafin a kunna komai, faifai kuwa yana son iska ta riƙa bi ta kansa, don haka akwati mai fanka a gaban faifan ya fi min ƙwaƙwalwa mai tsada. Hunturu ya zo, ƙura ta toshe kowace kafa. Damina ta zo, tsawa ta bi waya ta shigo. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ita ke lalata ajiya, saboda haka na'urar ta zauna a bayan batir, kada a jona ta kai tsaye da janareta. Faifai biyu masu kwafar juna suna tsare ka daga mutuwar ɗaya, amma gobara ko ɓarawo duka biyun zai ɗauka, kuma a ƙasar da mutane ke barin gida da tsakar dare ba sai na yi dogon bayani ba. Faifai na uku, ƙarami mai shiga aljihu, ya kwana a wani gidan.

Na karɓi biro na soke sabar da memorin daga takardar yaron, na rubuta masa ƙaramar kwamfuta, da faifai biyu maimakon huɗu, da fanka, sauran kuɗin na ce ya ƙara a batir. Ya ɓata rai, ya ce abokansa za su yi masa dariya. Na buɗe durowa na miƙa masa mataccen faifan nan na Kano, na ce ya jijjiga shi kusa da kunnensa. Ranar Asabar tare za mu je sayayyar, da kwamfutata a jaka.