Fargaba a Janbako: Fa'idodi da Illolin Dabarun da Ake Kwantar da Ita

Likitoci kan ce idan firgici ya taso wa mutum, a tuna masa cewa babu abin da ke tafe, jikinsa ne kawai ya razana a banza. Shawara ce mai kyau a garin da ake kwana lafiya. A Janbako kuwa, da ƙauyukan Maradun da Bakura da Talata Mafara a jihar Zamfara, wa zai dubi idon mace ya ce mata babu abin da ke tafe? A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebe ɗalibai 73 a makarantar Kaya. A Yunin 2023 Janbako da Sakkida suka yi jana'izar mutum fiye da 20. Wanda gabansa ke faɗuwa idan ya ji ƙugin babura bayan isha'i, hankalinsa ne ke aiki.

Don haka ita kanta fargabar tana da rana. Ita ke sa manomin shinkafa a filayen Bakolori ya tattara kayansa tun kafin rana ta yi sanyi, ita ke sa uwa ta kwana da zanen goyo a ƙarƙashin kai. Inda ta zama cuta shi ne lokacin da jiki ya manta yadda ake sauka. Mace tana tankaɗe a tsakar gida da hantsi, gari shiru, ba wanda ya yi ihu. Sai rariya ta suɓuce mata. Zuciya na dukan tara-tara, numfashi ya koma sama-sama, yatsu da leɓe suna tsatstsafa kamar kiyashi na bi, gumi ya jiƙa riga. Uwar miji ta fito da gudu: "Ke 'yar nan, mi ya same ki?" Ita kuwa abin da ke iya fita daga bakinta kawai shi ne, "Inna, mutuwa za ni yi."

Ba mutuwa ba ce. Jiki ne ya zubo sinadarin gudu, wato adirenalin, alhali ba abin gudu. Saurin numfashi yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da tsatstsafar yatsu, su kuma su ƙara tsorata mai su, tsoron ya ƙara saurin numfashin. Yawanci abin yana kai ƙarshen tsananinsa cikin minti 10, sannan ya fara sauka da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a 2019, kenan ba mu kaɗai ba ne. Bambancinmu shi ne, a nan dole magani ya cika sharuɗɗa biyu: ya kwantar da zuciya, ya kuma bar kunne a buɗe da ƙafa mai iya gudu. Da wannan nake auna dabarun da mutanenmu ke bi.

Waya ta ceci rayuka, ba musu. Ɗan sa-kai ya hango babura sun ƙetaro gulbi, ya buga wa ƙauyen gaba, kafin su iso an fitar da mata da yara. Amma wayar nan ce kuma ke kawo muryar da aka naɗa watanni da suka wuce a wata jihar, ana ihun "ga su nan", ba sunan gari, ba kwanan wata, a yi ta turawa a WhatsApp har gari ya kwana a tsaye. Ga hotunan gawarwaki da saurayi ke kallo a kan shimfiɗa, sannan ya yi mamakin rashin barci. Da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara a Satumbar 2021, turereniyar nan ta tsaya cak, sai dai zullumin rashin jin ɗuriyar ɗan'uwa ya maye gurbinta, har mutum kan yi tafiya zuwa wata jiha don ya ji muryar nasa. Mafitar da na fi gamsuwa da ita ita ce gida ya tsayar da mutum ɗaya ko biyu amintattu da ake karɓar labarin tsaro daga gare su, sauran ƙungiyoyin a toshe musu baki da dare.

Wurin malam ake fara zuwa, kuma dalilin a fili yake. Yana kusa, sadaka ce kuɗinsa, ba wanda zai nuna ka da baki don an gan ka a zaurensa. Yana kuma sauraro, abin da majinyacin fargaba ke ƙishirwa. Jan carbi a natse da karatu a hankali suna daidaita numfashi ko mai yi bai nufa ba, azkar na kwanciya kuma suna ba zuciya wurin jingina. Duk wannan bai taɓa kunne ba, bai taɓa ƙafa ba. A ma'aunina ya haye.

Illar tana shigowa ne daga hukunci. Da zarar an ce "iska ce" ko "sammu ne", matar da ke tsoron babura ta samu ƙarin abin tsoro a cikin gidanta: bayi, magariba, inuwar tsamiya, wani lokaci har kishiya, wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Wasu masu ruƙiyya kan haɗa da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ko duka, ga mutumin da dama numfashi ne ke gagararsa. Mafi muni, ana iya shafe watanni ana shan rubutu alhali ƙarancin jini ne bayan haihuwa, ko hawan jini, ko ciwon maƙoƙo mai hanzarta bugun zuciya, ko asma. Malamin kirki, kuma suna nan, zai yi tofi ya ce, "Hajiya, gobe a je a auna jininki."

A kemis ne lissafin ya fi ban tsoro. Dattijo ya zo bayan magariba, idanu sun yi zuru-zuru: "Yaro, ba ni maganin barcin nan." Yaron shago ya yanko masa baliyam, wato dayazifam, ya naɗe a takarda: "Baba, guda ɗaya da dare." Ba zan ɓoye fa'idarsa ba: yana aiki, kuma da sauri. Wanda ya yi mako bai runtsa ba, zai yi barci a daren, shi ya sa likitoci ma kan bayar da shi na 'yan kwanaki. To amma jiki na sabawa da shi cikin makonni kaɗan. Ɗaya ta koma biyu, ranar da babu kuma fargabar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Wanda ya daɗe yana sha idan ya yanke lokaci ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga, dole sai an riƙa rage masa a hankali. Sannan ga tambayar da ta shafe mu mu kaɗai: magidancin da ya haɗiyi biyu ya kwanta, wa zai tashe shi idan an buga ƙofa da ƙarfe biyun dare?

Samari nasu tiramol ne, wai don cire tsoro da ƙara ƙarfin aikin gona ko sintiri. Yana cirewa na 'yan sa'o'i. Idan ya saki mutum sai rawar jiki da gumi da faɗuwar gaba, wato ainihin abin da aka gudo dominsa, yawansa kuma kan jawo farfaɗiya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan ba bisa umarnin likita ba. A Mayun shekarar aka hana maganin tari mai kodin, amma hana kwalba bai cire abin da ke kai mutum gare ta ba.

Maza da yawa dauriya suka zaɓa, wai namiji ba ya raki. Tana riƙe gida, gaskiya, don yara na karanta fuskar uba. Sai dai abin da baki ya ƙi faɗa yakan fito ta ciwon kai, ko tsawa a kan iyali ba gaira ba dalili. Majalisar mai shayi na rage kaɗaici, in ba don shayin mai kauri da goro da ake bi da shi ba, waɗanda ke ƙara wa zuciya gudu, da kuma labarin hari ɗaya da ake maimaitawa har a tashi.

Asibiti shi ne ya fi kowa kayan aiki, shi ne kuma ya fi nisa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. A can ana iya tantance ko zuciya ce ko fargaba, a koya wa mutum yadda zai fuskanci abin, a ba shi magani irin fuluzetin da ba ya kama mutum kamar baliyam, ko da yake sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa. Amitiriftilin ya fi arha amma yana busar da baki yana kawo nauyin barci, ya kamata mai sha ya gaya wa likita irin garin da yake kwana. A ɗaya hannun ga kuɗin mota, ga hanyar da ita ma abin fargaba ce, ga bakin mutane: "an kai ta Kware" kaɗai ya isa ya warware baiko. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kai wannan kulawa kusa da jama'a. Ba za ta yi wa Janbako amfani ba sai ranar da ma'aikacin ƙaramin asibitin gari ya iya gane firgici, ya daina sallamar mai shi da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Kafin ranar, abin da ke hannun kowa shi ne numfashi. A zaunar da mai firgicin, a kori 'yan kallo, mutum ɗaya ya riƙe hannunta. Ta ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, ta sake ta a hankali ta baki ana ƙirga shida, a yi ta yi har yatsu su saki. Kada a ce mata babu komai, don ta san akwai. A ce, "Yanzu dai kina gida, ga ni, zai wuce." Ba ya cin ko sisi, ba ya dushe ji. Rauninsa shi ne sai an saba da shi a lokacin lafiya kafin ya yi aiki a lokacin tashin hankali, kuma ba ya warkar da tushen abin, musamman ga wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga yana mafarkin daji kullum. Irin wannan sai ƙwararre. Idan kuwa ciwon ƙirji ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko mutum ya suma, ko dattijo ne ko mai ciki da abin ya fara kamawa, ba a tsaya ƙirga ba, mota ake nema zuwa babban asibitin Talata Mafara.