KORONA TA TAFI, MUTUWAR HANYA TANA NAN: DARASI GA WURNO, RABAH DA GORONYO

'Yan uwa, mu tuna baya kaɗan. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai Korona a Legas. Kafin ƙarshen watan Maris an ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja, gwamnatin Sakkwato ma ta rufe iyakokinta. Daga baya gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, sai 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi. Haka muka yi azumi da Sallah a wannan shekarar, hanya ta yi shiru kamar an yi shara.

Kowa zai yi zaton tunda motoci sun ragu, haɗari ma zai ragu. To, ba haka aka yi ba. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, sun nuna mutum 5,483 suka mutu a hanyoyin Najeriya a 2019, a 2020 kuwa, shekarar kulle, 5,574. A Amurka ma mutane sun rage tuƙi, amma waɗanda suka mutu a hanya sun haura 38,000, fiye da na shekarar da ta gabata.

Mi ya kawo haka? Gudu. Direba in ya ga hanya fayau, sai ya taka mota iya ƙarfinsa. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki kafin ta tsaya sai ya ninka sau huɗu. Ga wasu direbobin da suka koma bin hanyoyin daji don kauce wa shingen jami'ai. Ashe ba yawan motoci kaɗai ke kisa ba, halin tuƙi ne da lodi.

Amma akwai abin da Korona ta nuna muna, wanda bai kamata mu manta ba. A lokacin an ce a rage fasinja a motar haya, kuma an sa jami'ai a hanya su duba. Kowane dare hukumar NCDC tana fitar da lissafi, jiha-jiha: mutum kaza suka kamu, kaza suka rasu. Wato in gwamnati ta so ƙirga rayuka, tana iyawa. In ta so hana cunkoso a mota, tana iyawa.

Yau fa? Ka tsaya bakin hanyar Achida ranar kasuwa, ko ka nufi Goronyo ranar Lahadi, ka gani da idonka. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wani a but. Kanta ta sha lodin albasa, ga mutane zaune bisa buhuna. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko mutum uku, ba mai hular kwano ko ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara muni, don direba na cewa in bai yi obalodi ba, ba zai mayar da kuɗin mai ba. Ga matsalar tsaro: tun harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, wa zai so magariba ta riske shi a hanya? Sai kowa ya ƙara wuta. In kuma tsautsayi ya afka, mai mummunan rauni sai an kai shi Sakkwato, galibi a bayan motar wani bawan Allah, jini na zuba.

Don haka ga abin da muke kira a yi. Na ɗaya, shugabannin ƙananan hukumomin ukun nan su zauna da 'yan yuniyon da jami'an kiyaye haɗurra, a tsayar da adadin fasinja tun daga tasha, don a tasha ake yin lodi. Na biyu, tun 2017 aka wajabta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu. A duba ta. Na uku, a ajiye motar ɗaukar majinyata mai mai da direba a ranakun kasuwa. Na huɗu, a riƙa faɗa muna duk wata mutum nawa hanya ta ci, kamar yadda aka yi da Korona.

Mu ma 'yan siyasa da magoya baya, kada mu wanke kanmu. Lokacin kamfe, su wa ke cika a-kori-kura da matasa, ana tsere a jerin gwano, ana wasa da babur? Mu ne. Duk ɗan takarar da zai zo neman ƙuri'a Rabah ko Wurno ko Goronyo, namu ne ko na wasu, a tambaye shi: mi ka shirya wa hanyar nan? Kai kuma fasinja, in mota ta cika, haƙura ka jira ta gaba. Gara a ce ka makara da a ce Allah ya jiƙanka.

Allah ya tsare mu, ya kai kowa gida lafiya.