Me ke kai tsofaffin rumbunan hatsi ga rushewa?

A 1971 gwamnatin Togo ta kafa Togograin don ta sayi masara da dawa da kaka, ta ajiye, ta fitar idan abinci ya yi tsada. Nijar ta riga ta da shekara guda da OPVN. Dogayen rumbunan siminti da na ƙarfe na wancan zamani an gina su ne a kan wannan lissafi: gwamnati ce babbar mai sayen hatsi. Da tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da IMF ya zo a shekarun 1980, aka janye hannun gwamnatoci daga kasuwar, rumbuna da yawa suka zauna wayam. Rumbun da ba kowa a cikinsa kuwa, tsatsa da yoyo ke cinye shi.

Amma tun kafin nan akwai matsala. Irin wannan rumbu yana son hatsi a zube, busasshe sarai, da lantarki da injin ɗagawa. Cinikin 'yan kasuwar Zongo a buhu yake tafiya, kowa da nasa, kowa da alamarsa. Wa zai yarda a gauraya masararsa da ta wani? Mangaza mai rufin kwano ta fi masa sauƙi, kuma makulli na aljihunsa.

Sai batun fili. Idan gari ya cim ma rumbu, ƙasar da yake kai ta fi shi tsada. Mutanen Zongo ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan: a 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka tura su bayan gari ta arewa.

Wani lokacin haɗari ne ke yanke hukunci. Bayan fashewar tashar jirgin ruwan Beirut a 2020, gwamnatin Lebanon ta amince a rushe rumbunan a 2022. Hatsin da ya ruɓe a ciki ya kama wuta, wani ɓangare ya zube da kansa.

Nijeriya ta bi wata hanya a 2018, ta amince a ba kamfanoni hayar rumbuna 20. A Togo ajiyar ƙasa tana hannun ANSAT tun 2008, kuma yawan abin da ta tara da kaka yana cikin abin da ke taɓa farashin kwanon masara a Zongo kafin sabuwa ta fito.