'Yan Gubi, mu koyi naɗar rediyo kafin iska ta kwashe maganar

Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Mu 'yan Arewa da rediyo muka tashi. BBC Hausa tun 1957 take magana da kakanninmu, DW Hausa tun 1963, RFI Hausa ta shigo a 2007. A nan gida ga BRC, ga Globe FM, ga Albarka. Amma tsakani da Allah, ɗalibin da ke rige-rigen shiga bas da sassafe, ya yini daga wannan lakca zuwa waccan, ya dawo hostal a gajiye, yaushe zai zauna ya saurari shiri a kan lokacinsa? Sai dai washegari a turo masa guntun sakan 40 a WhatsApp, an yanke kai an yanke gindi, a ce wane ya ce kaza. Da wannan guntun za mu kwana muna musu a guruf.

Ra'ayina shi ne: duk mai laftof a cikinmu ya kamata ya iya naɗar shirin rediyo cikakke daga intanet, ya adana, ya raba wa 'yan uwa. Kuma ba ya buƙatar sayen manhaja, balle ya je neman ta sata mai ɗauke da bairos.

Nasan wani zai ce, "Malam, ai tashoshin suna ajiye shirye-shiryensu a shafukansu." Manyan suna ajiye wasu, ba duka ba. Ƙananan tashoshi kuwa da yawa Facebook suka dogara da shi, su haska shiri kai tsaye shi ke nan. To tun Fabrairun 2025 kamfanin Meta ya sanar cewa bidiyon kai tsaye kwana 30 zai yi a goge shi, sai in mai shafin ya sauke abinsa. Su ma manyan ba su da tabbas. A Maris 2025, bayan wani umarni na Shugaba Trump, Sashen Hausa na Muryar Amurka da ke aiki tun 1979 ya yi tsit dare ɗaya. Ajiyar da ke hannun wani ba ajiyarka ba ce.

Iyayenmu sun fi mu gane wannan. Da rediyo mai kaset suka riƙa naɗar tafsiri da waƙoƙin su Shata, wasu kaset ɗin har yau suna cikin akwati. Shi kansa Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da jami'armu ke ɗauke da sunansa, muna jin muryarsa yau ne saboda wani ya naɗa a lokacin. Mu da muke da na'urar da ta fi tasu nesa ba kusa ba, me muka ajiye?

Ga yadda ake yi.

Kowace tasha da ke watsa shiri ta intanet tana da adireshin da sautin ke fitowa, daban da adireshin shafinta. Shafin radio-browser.info yana tattara irin waɗannan adireshi kyauta, ka rubuta sunan tashar ka duba ko tana ciki. Da zarar ka samu, ka ajiye shi a wuri mai kyau.

Hanya ta farko, VLC. Yawancinmu muna da ita muna kallon fim kawai. Ka buɗe ta, ka danna Ctrl da N, ka liƙa adireshin, ka kunna. Sai ka shiga View ka zaɓi Advanced Controls, wani jan maɓalli zai fito. Ka danna shi ya fara naɗa, ka sake dannawa ya tsaya. Fayil ɗin ka duba shi a jakar Music, in babu ka leƙa Videos.

Ta biyu, Audacity. Ita ce maganin tashar da ka kasa samun adireshinta. A Windows ka zaɓi WASAPI, sannan a wurin makirfo ka zaɓi lasifikar kwamfutar mai alamar loopback, sai ta ɗauki duk sautin da ke fita. Ka dai kashe sanarwar WhatsApp, in ba haka ba ita ma za ta shiga ciki. Audacity tana kuma da amfani wajen rage girman fayil.

Ta uku, ffmpeg, ga 'yan kwamfuta da masu son su koya. Layi ɗaya ne:

ffmpeg -i ADIRESHI -t 3600 -c copy shiri.mp3

Wannan 3600 ɗin sakan ne, wato awa ɗaya. In tashar da AAC take watsawa, ka sa .aac a ƙarshen sunan. Daɗin abin, za ka iya haɗa shi da Task Scheduler a Windows ko cron a Linux, ya tashi da kansa a lokacin shirin kana can kana lakca. Sharaɗi dai laftof ɗin ya kasance a kunne, da caji, da intanet, kuma ka hana shi yin barci.

Duka ukun kyauta ne, halak malak. Ku sauke su daga shafukan masu su, kar ku bi tallan da ke cewa danna nan.

Sai maganar data, wadda nasan ita ce a zuciyar kowa. Mu yi lissafi. Tashar da ke watsawa a kan kilobit 64 a sakan tana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya. Mai 128 tana cin kusan 58. Ke nan gigabait 1 zai ɗauki wajen awa 35 na mai 64. Zaman TikTok ɗaya na bayan isha'i ya fi haka ci. Kuma mutum ɗaya ne zai kashe, sauran su karɓa ta Xender ko filash ba tare da ko kwabo ba. In mutum biyar a ɗaki suka raba kwanakin mako, ba wanda zai ji a jikinsa.

Me za mu yi da shi? Mai furojet a fannin noma zai samu hirar manoma da malaman gona da bakinsu, da ranar da aka yi ta. Mai nazarin kasuwanci zai bi farashin hatsi wata bayan wata. Sannan ga babbar: 'yan siyasa. A rediyo suke zuwa da Hausa su yi alƙawarin da ba za su taɓa rubutawa a takarda ba. Hanya, ruwa, tallafin karatu. Idan zaɓe ya zagayo suka ce ba su faɗa ba, wa ke da shaida? Magana zarar bunu ce, amma sai an samu wanda ya riƙe bunun.

Amma fa akwai amana a ciki, kuma a nan nake so mu bambanta da masu yanka guntu. Ka naɗi shiri daga farko har ƙarshe. Ka sa wa fayil suna da tasha da shiri da kwanan wata, misali 2025-06-14 sai sunan tashar. In za ka ciro wani yanki don muhawara, ka faɗi inda ka samo shi, kuma cikakken ya kasance a hannunka ga duk mai son ji. Kar ka sayar, kar ka ɗora shirin mutane a shafinka kamar naka, domin aikin yana da masu shi kuma doka ta ba su haƙƙi. Naɗa don saurare da karatu daban, kasuwanci da gumin wani daban. Wanda ya yanke maganar malami ko ɗan jarida don ya haɗa faɗa, wallahi fasahar ba ta amfane shi ba, makami kawai ya samu.

Wani abu da ya kamata ya taɓa mu: ita VLC ɗin nan ɗalibai ne suka fara ta a makarantar École Centrale ta Paris a 1996, don su riƙa tura bidiyo a cikin harabar makarantarsu. Audacity ma a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka wani ɗalibi da malaminsa suka faro ta. Matsalar kyampas ce ta haifar da su. Mu da muke jami'ar fasaha, ba a ce mu ƙirƙiri sabuwa yau ba, amma ai ma iya amfani da wadda aka ba mu kyauta.

Shawarata: ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi da na sassa, kowace ta zaɓi shiri ɗaya ko biyu da ya shafe ta, ta samu mutum biyu masu naɗa, ta tanadi filash ko hadis guda. A ajiye kwafi biyu a hannu biyu, saboda laftof na mutuwa kuma ana sata. Kafin a gama zango ɗaya za ku ga abin da ya taru.

Wanda ya gwada ya maƙale, ya yi magana, a cikinmu ba a rasa mai nuna masa. Wanda kuma ya san adireshin wata tashar Hausa da ke aiki, ya taimaka wa jama'a da shi.

Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa, Ya sa mu gama lafiya. Amin.