Kafin A Miƙa Wa Yaro Makullin Babur

Tun zamanin kaka da kakanni, idan uba ya yi nufin ɗansa ya zama maƙeri, ko majemi, ko wanzami, ba ya tattara kayan aiki ya danƙa masa ya ce ya tafi ya nemi abinci. Sai ya kama hannunsa ya kai shi gaban wanda ya riga shi sanin sana'ar, yaro ya yi shekaru yana zuga, yana miƙa awartaki, yana shan faɗa da gyara, har ran da maigidansa zai dube shi ya ce ya isa ya kafa tasa maƙera. Ko da mota ta shigo ƙasar nan ba a fitar da ita daga wannan tsari ba, shi ya sa har gobe da wuya ka sami direban babbar mota wanda bai taɓa zama yaron mota ba, yana sa wa taya weji, yana zaune gefen ubangidansa yana lura da yadda ake shan kwana da lodi. Babur kaɗai muka keɓe muka ce shi ba ya bukatar malami, alhali kuwa a cikin dukan ababen hawa masu inji da ke bisa titunanmu babu wanda ya kai shi barin jikin mahayinsa a fili, ba ƙarfe a gaba, ba rufi a sama.

Kowa ya san yadda ake koyonsa. Da la'asar sakaliya, a filin idi ko filin ƙwallon makarantar firamare, saurayi zai hau, abokinsa ya zauna a bayansa ya miƙo hannu ya tallafe masa kan babur, ya ce, "Ga kuloci, ga giya, ga totur, birki kuma yana ƙafarka ta dama, saki a hankali." Babur ya yi tsalle ya mutu, a sake buga shi, can sai ya tafi, su yi ta zagaya fili ƙura na tashi, kafin ladan ya kira magariba an yanke hukunci ya iya. Washegari ya hau kwalta, jibi ya ɗauki goyo; in kuwa na haya ne, kafin mako ya zagayo za ka gan shi da mace da jaririnta a baya, buhun masara a kan tanki, yana sharara gudu domin ya haɗa balas ɗin mai babur kafin dare. Abin da ya koya a filin nan shi ne yadda ake tayar da babur ya tafi. Yadda ake tsayar da shi lafiya sa'ad da akuya ko yaro ya faɗo titi ba zato, wannan ba wanda ya nuna masa, domin shi kansa malamin ba a nuna masa ba.

Haƙiƙa babur ni'ima ne, kuma butulci ne a musanta haka. Shi ne ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da damina ta yanke masa hanya, shi ne jarin ɗan acaɓa a garuruwanmu da ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, da shi kuma samarinmu masu ci-rani a kudu suke aiko wa iyaye kuɗin taki. An hana hayarsa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana a birnin Kano a Janairun 2013 saboda tsaro, Legas ma ta taƙaita shi a 2020 ta ƙara tsanantawa a 2022, duk da haka bai fita daga rayuwarmu ba. Bal ma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, magidanta da ma'aikata da yawa waɗanda ba su saba da shi ba suka ajiye mota suka koma kansa. Watau sababbin mahaya ƙaruwa suke yi, a daidai lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 kowace shekara, shi ne kuma kan gaba wajen ɗauke rayukan masu shekara 5 zuwa 29, sannan in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya yin asara. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala, ko ya leƙa zauren mai ɗori a ƙauye ya tambayi majinyata sanadin karayarsu, ba ya bukatar a karanta masa ƙididdiga.

To, mene ne ilmin da ake cewa a koya? Mu ɗauki birki kawai. Babur na da biyu, na gaba a hannun dama, na baya a ƙafar dama, kuma tun da nauyin babur da na mahayi gaba yake rinjaya da zarar an fara tsayawa, mafi yawan ƙarfin tsayarwa, kimanin kashi 70 cikin 100, a birkin gaba yake. Amma magana ta bazu tsakanin mahayanmu cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu ba sa taɓa shi sam, sai su danna na baya da ƙarfi, taya ta kafe, babur ya yi ta sulɓi da su har ya kai su ga abin da suke gudu. Gaskiyar al'amari ita ce damƙar birkin gaba farat ɗaya, musamman a kan yashi ko a tsakiyar kwana, ita ke kayarwa. Matsa shi sannu a hankali ana ƙara ƙarfi, tare da na baya, shi ke tsayar da babur a taƙaitaccen wuri. Wannan kuwa hannu ba ya saninsa da jin bayani, sai an yi ta maimaitawa a fili gaban wanda ya sani, har ya zama ɗabi'a, domin a lokacin razana mutum ba ya tuna nasiha, abin da hannunsa ya saba shi yake aikatawa. Haka kuma mutum nawa cikin sababbin mahaya aka taɓa gaya wa cewa in ya ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da shi ninkuwa yake yi sau huɗu?

Sauran kuma suna da yawa. Direban tirela ko tanka yana da wurare a gefensa da bayansa inda ba ya ganin mai babur ko kaɗan, in kuma zai sha kwana, tayoyin baya kan shigo ciki su murƙushe wanda ya raɓe a gefe yana tsammani an bar masa hanya. Yashin bakin kwalta da santsin ruwan farko sun kayar da gwanaye balle 'yan koyo. Samari kan cire madubi don ƙawa, kamar ba shi ne idonsu na baya ba. Sau nawa bakin hijabi ko hannun babbar riga ya shiga cikin sarƙa ko wayoyin taya ya fizgo mai shi ƙasa, sau nawa kuma silifa ta bar yatsun ƙafa ga kwalta, abin da takalmi rufaffe zai iya karewa!

Amma duk abin da ya sami ƙafa ko hannu, da sauƙi in aka gwada shi da abin da ke samun kai. Ƙashi in ya karye a ɗora, ya haɗe da ikon Allah; ƙwaƙwalwa kuwa abu ce mai taushi a cikin ƙoƙon kai, in kan ya bugu da ƙasa sai ta girgiza ta daki ƙashin da ke kewaye da ita, jijiya ta tsinke, jini ya taru inda ba shi da mafita. Akan sami wanda ya faɗi ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa lau, bayan 'yan sa'o'i ciwon kai da amai da barci mai nauyi su kama shi, kafin a ankara lokaci ya ƙure. Wanda ya tsira kuma, wani ya tashi da farfaɗiya, wani ya rasa magana, wani hankalinsa bai sake komawa daidai ba. Hular kwano ta gaskiya, mai ɓawo mai tauri a waje da soso mai kauri a ciki wanda ke shanye bugu, binciken likitoci ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Sharaɗinta dai a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, in ba haka ba ita za ta riga kai barin wurinta. Hular leburorin gini ba ta tsayawa a madadinta. Wadda kuma ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Mun taɓa gwada tilasta ta. Ran 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara kama duk mai babur da fasinjan da ba su sa hula ba, sai aka wayi gari a Kano wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko robar fenti a ka sun ɗaure da igiya. Duniya ta yi dariya, ni kuwa abin baƙin ciki ya ba ni, domin ya nuna cewa mutanen nan sun ɗauka hular don jami'i ake sa ta, tun da ba wanda ya zaunar da su ya fahimtar da su cewa don kawunansu ne. Uzurorin da suka kawo ma ba duka ne na banza ba: farashin hula ya yi tashin gwauron zabo, zafin rana gaskiya ne, ƙyamar sa abin da wani ya jiƙe da gumi ita ma gaskiya ce, ga kuma jita-jitar sihiri da ta tsorata fasinjoji. Sai dai kowane ɗayansu yana da magani. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, abin ya zama jiki. Biyetnam kuwa, ƙasa mai zafi wadda babur ya fi mota yawa a cikinta nesa ba kusa ba, ta share fage da wayar da kai kafin dokarta ta fara aiki a Disambar 2007, aka kuwa ga yawancin mahaya sun bi.

Akwai kuma masu cewa ai in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Wannan magana gaskiya ce da aka ajiye a inda ba muhallinta ba. Babu musulmin da ke shakkar ajali, amma malamai sun haɗu a kan cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba mai kai shi dogaro ga Ubangiji, sulke biyu ya sa ranar Uhudu, da kwalkwali a kansa kuma ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta. 'Yan lifidin sarakunanmu ma da kwalkwali suke fita, ba wanda ya taɓa kiransu matsorata. Kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin ta tsare, kuma su biyun nan daidai su ne abin da hular kwano ke karewa.

Sa'an nan mai babur ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Ɗaliban Risala sun san hukuncin Malikiyya cewa mahayin dabba, da mai korarta, da mai janta, suna da lamunin abin da ta taka. In haka ne game da jaki da doki masu nasu ido da nasu tsoro, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai da hannun mahayinsa? Kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffara ta azumin wata biyu a jere. Saboda haka a ganina nauyi mafi girma yana wuyan wanda ya miƙa makulli: uban da ya saya wa ɗan shekara goma sha huɗu babur don ya nuna masa ƙauna, alhali doka ba ta ba da lasisi sai an cika 18, attajirin da ya ba matashi babur haya bai tambaye shi komai ba sai nawa zai riƙa kawowa kullum, da ɗan siyasar da ya jera babura a filin taro ya raba da sunan tallafi, ba hula, ba horo ko na yini ɗaya. Dukansu alheri suka nufa, ban musa ba, amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum alhakin sakaci.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Dillali kada ya bar sabon babur ya fita daga shagonsa sai da hula biyu masu inganci a cikin kuɗinsa, tun da farashinsu ɗan ƙaramin yanki ne na farashin babur. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa, waɗanda suka iya karɓar kuɗin tikiti kowace safiya ba fashi, su zaɓi dattawa uku ko huɗu cikin gwanayensu a kowace tasha, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta horar da su, su kuma su horar da duk sabon shiga na mako biyu a fili, kan birki da kwana da goyo da dokokin hanya, kafin a ba shi riga da lamba. Gwamnatin da za ta raba babura ta sa takardar wannan horo ta zama sharaɗin karɓa, limamai kuma su ba al'amarin huɗuba guda kafin kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ke shigowa hannu kuma samari suka fi sayen sababbin babura.